Zazzaɓin mai ciki da mai jego: yadda ake gane cuta ta shiga jini, da abin da za a yi a ranar

A unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa da Ngaundere ba a barin mai jego ita kaɗai. Akwai mai dafa ruwan wanka, akwai mai dama kunu, akwai mai tarbar 'yan barka. Duk da haka a cikin kwanakin nan ne cutar da likitoci ke kira sefsis take ɗauke mata, sau da yawa a ɗaki cike da mutane. Kowa ya ga alamar, amma kowa ya ba ta wani suna: gajiyar haihuwa, zazzaɓin nono, masassarar damina. Wannan bayani na mai zaman jego ne, uwa ce ko gwaggo ko yaya ko abokiyar zama, da kuma na maigida, tunda izinin fita da kuɗin mota a hannunsa suke.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, ta mahaifa ko mafitsara ko ɗinki ko nono ko huhu. Jiki ya tashi yaƙarsu, sai yaƙin ya wuce gona da iri har ya koma yana lalata jikin kansa. Jijiyoyin jini su saki, awon jini ya faɗi, ƙoda ta daina tace fitsari, numfashi ya gagara, hankali ya rikice. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar wannan ciwo ga mata: gazawar sassan jiki saboda cutar da aka kamu da ita lokacin ciki, ko wajen haihuwa, ko bayan ɓari, ko cikin kwana 42 bayan haihuwa. Kusan mace 1 cikin kowace 10 da ke mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa a duniya, wannan ne ajalinta. Kwana 42 ɗin nan kuwa kusan daidai suke da arba'in ɗinmu, don haka mai zaman jego ba ta buƙatar wani sabon lissafi.

Mataki na farko: a gama shawara tun ciki bai tsufa ba

Yawancin jinkirin da ke kashe mace a gida ake yin sa, ana jiran wanda zai ce a tafi. Maigida ya tafi cin kasuwar ƙauye, waya ba ta shiga, uwar miji ta ce a bari ya dawo. A kashe wannan magana tun ciki na wata 6 ko 7. Maigida ya faɗa da bakinsa a gaban mahaifiyarsa da matarsa: "Inna, ko ba na nan, in jikinta ya canza a kai ta asibiti, na ba da izini tun yanzu." In mace za ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, a faɗa wa iyayen haka nan.

Sai kuɗi. A jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa akwai tsarin shek sante, takardar da mai ciki ke saye a kan sefa 6,000 a cibiyoyin lafiyar da ke cikin tsarin. Tana ɗauke nauyin awon ciki da haihuwa da tiyata in ta kama, da kula da uwa da jariri har kwana 42. A tambaya a wurin awo, a saya da wuri, a ajiye ta tare da karnen awo, wato littafin awon ciki, inda kowa a gidan ya sani. A kuma ware kuɗin mota daban, da lambar mai babur ko mai mota biyu ko uku waɗanda za su ɗaga waya da tsakar dare. Wadda haihuwarta za ta faɗo a Agusta ko Satumba, kuma akwai mayo, wato kogi, tsakanin garinsu da asibiti, ko tana yankin Yagwa da Kuseri inda ruwan Logon ke cinye hanya, gara ta koma wajen dangi kusa da asibiti kafin watanta ya kama.

A sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi. Kuɗinsa bai kai na turmin atamfar fitar suna ba.

Mataki na biyu: a toshe ƙofofin da cuta ke bi

Faya in ta fashe, rufin da ke kare jariri da mahaifa ya buɗe ke nan. Ko naƙuda ba ta zo ba, ko ruwan ɗigo yake yi kaɗan-kaɗan, a tafi asibiti a ranar. Haɗarin yana ƙaruwa sosai in aka wuce awa 18 ba a haihu ba. Haka naƙudar da ta kwana ta wuni. Kada ungozoma ta riƙa zura hannu tana duba ko kai ya sauko, domin kowane shigar hannu yana tura ƙwayoyin cuta sama. Ko a asibiti, da safar hannu da komai, ƙa'ida ita ce dubawa ɗaya cikin awa 4 sai in akwai dalili. Yankan gishiri da aska kuwa, don wai a buɗe hanya, ba ya saukar da ɗa, sai dai ya bar rauni a wurin da ya fi ko'ina saurin kamuwa.

Batun hannu tsoho ne. A 1847, a wani babban asibiti na birnin Biyena a ƙasar Ostiriya, likita Ignaz Semmelweis ya lura cewa ɗalibai na fitowa daga ɗakin fiɗar gawa su wuce kai tsaye wajen masu naƙuda. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kilorin. Mutuwar masu jego a sashensa ta sauko daga kusan 18 cikin 100 zuwa kusan 2 cikin 'yan watanni. Abin da ya yi aiki a can shi ne har yau: ruwa da sabulu kafin a taɓa mai jego, ita ma ta wanke hannu kafin ta canza ƙunzugu da bayan ta canza, da kafin shiga bayi da bayan fitowa. Wanke hannu kafin shiga ɗin ne mutane ke mamaki. Dalilinsa, akwai wata ƙwayar cuta da ke sa yara ciwon maƙogwaro, in ta bi hannu ta kai ga gaban mai jego tana iya kwantar da ita cikin kwana ɗaya. Yaron da ke ciwon wuya ko ƙuraje masu mugunya a nisanta shi da ɗakin.

Ƙunzugu a canza shi akai-akai. In tsumma ne, a wanke da sabulu a shanya a rana ya bushe ƙayau, ba a bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa don kunya ba. Tsarki daga gaba zuwa baya. Kada a cusa komai a gaba, ko matsi ko ganye ko alif ko wani haɗi da aka kawo a ƙullin leda, duk wanda ya kawo shi. Wankan jego ba laifi ba ne in ruwan bai kai ƙuna ba, amma ba a fyaɗa tafasasshen ruwa a kan ɗinki ko wurin tiyata. Fatar da ta ƙone sabuwar ƙofa ce.

Mai ciki kuma da ke jin zafin fitsari ko yawan fitsari da ciwon mara, kada ta ce sanyi ne ta sayi kafso a faranti. Ciwon mafitsara a lokacin ciki yana saurin hawa ƙoda. A yi gwajin fitsari a wurin awo.

Mataki na uku: duba na safe da na yamma

Nan ne aikin mai zaman jego yake. Sau biyu a rana, musamman mako biyu na farko, ta zauna kusa da ita na minti biyar. Kada a yi awon da zarar an fito wanka ko an tashi daga gadon wuta, a bari kamar awa guda jiki ya huce.

Zafin jiki. Tafin hannu a goshi ba awo ba ne, balle a Garwa cikin Maris da Afrilu da zafin gari ke haura digiri 40. A sa ma'auni ƙarƙashin harshe, domin hammatar mai shayarwa tana iya ɗaukar ɗumin nono. Digiri 38 ko sama da haka alama ce. Ƙasa da 36 ma alama ce, kuma ita ta fi ruɗar mutane: mace ta yi zazzaɓi jiya, yau jikinta ya yi sanyi ƙalau da gumi mai danƙo, sai a ce Alhamdu lillahi ya sauka. In ta ƙara galabaita tare da sanyin nan, ciwon ne ya ci gaba.

Numfashi. Wannan ce alamar da ke fara bayyana, kuma ita aka fi mantawa. A duba agogon waya, a ƙirga sau nawa ƙirjinta ya ɗaga cikin minti ɗaya cur, ba tare da an faɗa mata ba, don in ta sani za ta canza. Babba mai lafiya yana tsakanin 12 da 20. Daga 21 zuwa 24 a sa ido a sake ƙirgawa bayan rabin awa. Daga 25 zuwa sama ba a jira.

Bugun zuciya. Yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa, a ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Ciki kan ƙara bugun kaɗan, amma in mace tana kwance tana hutawa ya wuce 100, akwai magana. In ya kai 120, haɗari ne.

Fitsari. A tambaye ta kai tsaye: "Yaushe rabonki da fitsari?" Sabuwar mai jego, musamman ta fari, ba za ta faɗa da kanta a gaban surukai ba. Awa 12 ba fitsari, ko ɗan kaɗan ja kamar shayi, yana nuna ƙoda ta fara gajiya.

Bayan awo sai ido da hanci. Jinin biki ja ne kwana 3 ko 4 na farko, sannan ya koma ruwan ƙasa, ya yi ta dushewa har ya zama fari-fari. Warinsa kamar na al'ada ne. In ya koma ɗoyi, ko ya dawo ja da gudaji bayan ya ragu, mai yiwuwa guntun mabiyiya ya rage a ciki. Ciwon mara na bayan haihuwa yana zuwa ne ya tafi, ya fi tashi lokacin shayarwa, kuma yana lafawa cikin 'yan kwanaki. Wanda ke ƙaruwa, ba ya sakinta, ta zabura in an taɓa marar, wani abu ne daban. A duba ɗinki: ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya, ko bakinsa ya buɗe? A duba nono: cikar nono ta kwana na 3 takan kama duka biyu, kuma tana sauka in jariri ya tsotsa, amma gefe ɗaya mai ja da tauri da zafi tare da rawar sanyi shi ne abin kai wa asibiti. Ciwon kwiɓi ko na gadon baya da zazzaɓi, ƙoda ce. Tari da ciwon ƙirji, huhu ne.

Rashin ɗoyi ba shaidar lafiya ba ne. Ƙwayar maƙogwaron nan da aka ambata takan zo ba wari, sai amai da gudawa da ciwon ciki mai tsanani, a ɗauka wani abu ta ci ranar suna. Gudawa da amai ga mai jego, in jikinta ya yi laushi, kada a tsaya kan ruwan gishiri da sukari kaɗai.

Ga mai ciki a ƙara biyu: ruwa mai wari ko launin kore yana fita, da kuma motsin ɗa da ya ragu. Ga wadda ta yi ɓari, duk alamun nan ɗaya ne, kuma ita ce aka fi sakaci da ita tunda ba jariri, ba 'yan barka, washegari ta koma bakin murhu.

Mataki na huɗu: yanke hukunci

Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tashi nan take, ko ƙarfe nawa ne: numfashi 25, bugun zuciya 120, surutai ko rashin gane mutane ko barcin da ba a iya tada ta sosai, idanu sun yi ɗorawa kamar mai shawara, hannu da ƙafa sun yi sanyi alhali ƙirji na zafi, ta kasa tsayuwa, ko fitsari ya ɗauke. Zazzaɓin 38 kaɗai, ko ɗoyi kaɗai, ko ɗinki mai mugunya, a je a ranar, kada a kwana. Kuma in ita da kanta ta ce, "Inna, ni fa jikin nan ba irin wanda na sani ba ne," a yarda da ita ko ma'auni bai nuna komai ba. Masu ciki da masu jego yawanci matasa ne masu ƙarfi, jikinsu yana daurewa yana ɓoye ciwo, sannan ya rushe farat ɗaya.

Tarko biyu ne ke jiran mutanenmu a nan. Na farko masassarar cizon sauro. Daga Yuli zuwa Oktoba kowane zazzaɓi a arewacin Kamaru sunansa ke nan, kuma gaskiya ne tana da haɗari ga mai ciki. Amma gwajin yatsa ya nuna akwai ta bai hana a ce akwai cutar mahaifa tare da ita ba. In an ba da maganin masassara aka ce a koma gida ba tare da an taɓa mara, an duba jinin biki da ɗinki ba, a roƙa cikin ladabi a duba.

Na biyu iska. Mai jego ta fara sambatu, tana kiran sunan wanda ya rasu, sai a ce an taɓa ta, a tura a kira malam, a turara ɗaki. Rikicewar hankali tare da zazzaɓi alama ce cewa jini ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a cikin mota.

Kada a ba ta ragowar kafso na wani, kada a kira mai allura ya zo gida. Farasitamol ba ya cutarwa, amma yana rufe zazzaɓi, don haka a auna kafin a ba ta, a riƙe lokacin. Diklofenak da ibuprofen a bar su, suna ƙara wa ƙoda wahala.

Mataki na biyar: hanya da bakin ƙofar asibiti

A ɗauki karnen awo, shek sante, duk kwalin maganin da ta sha, da jaririn. A tafi da babban mutum ɗaya ko biyu da za su iya ba da jini. Mai tsohon ciki ta kwanta a gefen hagu. In tana cikin hayyacinta ta riƙa kurɓar ruwa, in ba ta ciki kada a ɗura mata komai. A babur a sa ta tsakiya, wani a baya yana riƙe da ita. In alamun masu tsanani ne kuma asibitin gunduma ko na jiha bai fi ƙaramar cibiya nisa sosai ba, a wuce can kai tsaye, tunda can ne ake da ɗakin tiyata da jini. In da nisa, a tsaya cibiyar a sa mata ruwa da allurar farko, a karɓi takardar turawa.

Ma'aikata da yawa Faransanci da Fillanci suke ji, don haka a tafi da wanda zai iya bayani. Kada a bi layi. A je wajen ma'aikaciya a ce: "Malama, don Allah, ta haihu kwana 5 ke nan, zafinta 39, numfashinta 28, tun asuba ba ta yi fitsari ba." Lambobi suna tada ma'aikaci daga kujera fiye da "ba ta jin daɗi". A faɗi gaskiya duka: an haihu a gida, faya ta kwana biyu a fashe, an yi yanka, an cusa magani, ko cikin zubar da shi aka yi. Ba a maganin abin da aka ɓoye.

Mataki na shida: abin da ya kamata a gani cikin awa ɗaya

Akwai tsarin da aka shirya don asibitocin da ba su da kayan aiki da yawa, aka fara gwada shi a Malawi, kuma dangi na iya bin sa da ido. Za a auna zafi, bugu, numfashi da awon jini. Lambar sama ta awon jinin in ta gaza 90 haɗari ne. Za a sa ƙarin ruwa ta jijiya, rabin lita da sauri, a sake aunawa, a ƙara in da buƙata. Nan a faɗa wa ma'aikata in tana da hawan jinin ciki, ko kumburi, ko ƙarancin jini, ko ta sha kunun kanwa da yawa, domin zuciyar da ta gaji ba ta ɗaukar ruwa mai yawa. Za a ba ta iskar oksijin in numfashi ya yi wuya, a sa robar fitsari don a san abin da ƙoda ke fitarwa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ake bayarwa, cikin awar farko, ba a jiran sakamakon gwaji. Haɗin da aka fi sani a ƙasashenmu shi ne amfisilin da jantamisin da metronidazol. Ga cutar mahaifa bayan haihuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son kilindamisin da jantamisin inda ake da su. Zaɓi da awo aikin likita ne. Aikin dangi shi ne in an rubuta takardar magani a kawo shi yanzu, kada a tsaya sai an sayar da akuya gobe. In akwai masassara mai tsanani za a haɗa da allurar atesunat.

Sai neman tushen, wanda in ba a cire shi ba magani ba ya ci. Guntun mabiyiya ko ragowar ɓari sai an yi wankin mahaifa. Ƙurji a nono ko ɗinki sai an tsaga mugunya ta fita. In cutar tana cikin ruwan da ɗa ke kwance, sai an haifar da shi ko da wata bai cika ba. Wani lokaci, in mahaifa ta lalace, cire ta ne kaɗai zai bar matar da rai. Maigida ya kasance kusa, ya sa hannu ba jayayya. In an ce a wuce babban asibitin Garwa ko na Marwa, a wuce.

Mataki na bakwai: jariri, da komawa gida

Jaririn uwar da ta kamu shi ma a duba shi ko da yana kama da mai lafiya. Ƙin kama nono, jiki da zafi ko sanyi, numfashi 60 ko fiye a minti, laushi, ko cibiya mai ja da mugunya, duk na gaggawa ne. Yawanci ana ci gaba da shayarwa, har da nonon da ke ciwo, domin tsotso na taimaka masa ya sauka. In uwar ta galabaita a riƙa tatsa don kada ruwan ya ƙafe.

Ana ci gaba da allurai har sai ta yi awa 48 ba zazzaɓi. In kwana 3 sun wuce bai sauka ba, likita zai sake bincike, mai yiwuwa akwai mugunya da ta taru a wani wuri. Kada a nemi sallama don suna ya zo. Ana raɗa suna uwa na asibiti. In an ba da na sha a gida a shanye duka, tare da maganin ƙarin jini, a ci gaba da awon safe da yamma. Gajiya da mantuwa da faɗuwar gaba na iya bin ta makonni, don haka a ɗage mata daka da ɗiban ruwa. Ko wadda ba ta yi ciwo ba ana son a gan ta a asibiti cikin awa 24 na farko, da kwana na 3, da tsakanin kwana 7 da 14, da mako na 6. Wadda ta yi ciwon, a rubuta shi cikin karnenta, ta nuna wa ma'aikaciya ranar da ta fara awon ciki na gaba.